Wadda Aka Bari a Dutsen Shafa

Kun taɓa ganin an tare mai fita daga Makka? Ba a tarewa. Mai shiga ake tambaya.

Ummulkhairi ta san haka. Tun da ta zo daga Chadi tana budurwa ba ta taɓa mallakar iƙama, takardar izinin zama, ba, don haka ba ta taɓa ƙetare shingen 'yan sanda ba. A wani gida na unguwar Tandabawi ta tsufa, tana wanki, tana girki, tana rainon Sufyan, ɗan maigidan. Maigida ya rasu, uwargida ta bi shi, ita ta ci gaba da guge wa Sufyan riguna.

Ana dab da bikinsa da Manal, 'yar manyan mutane, ya shigo kicin da fara'a. Hala yake ce mata, wato anti da Larabci.

"Ya Hala, zafi zai kashe ki. Yalla, mu je dutsen Shafa mu kafa tanti."

"Shingen fa, Sufyanu? Ga Hajji ya ƙarato, an tsananta."

"Ina raye wani zai taɓa ki?"

Da kansa ya haɗa mata jaka. Ta yi masa dariya da ta ga ya zuba magungunanta kaf, har da bargo.

A can saman dutse, bayan Ɗa'ifa, gajimare na ratsa tsakanin tantuna. Ta miƙa hannu ta taɓa shi kamar yarinya. Sufyan ya gasa nama, ya zuba mata shayi, bai bari ta ɗaga ko cokali ba. Da ta ɗauko wayarsa don su yi hoto tare, ya karɓe a hankali, ya ce caji ya ƙare.

Washegari da hantsi ya aike ta famfo da tukwane. Kafin ta juya ya riƙo ta, ya sumbaci kanta. Bai taɓa yi ba. Duk tsawon wankin tana murmushi.

Ta dawo ta tarar da ramukan turaku. Babu tanti, babu mota. Jakarta na jingine da dutse, birai na yagar ledar burodi.

Ta zauna a kan jakar har la'asar. Mai gadin wurin ya kira 'yan sanda, ɗayansu ya tsaya a gabanta.

"Ya Hajja, wa ya kawo ki? Faɗi sunansa, wallahi sai ya ɗanɗana kuɗarsa."

Ta dubi hanyar da ke gangarawa Makka, ta gyara mayafi.

"Ni kaɗai na zo."

Aka sa ta a mota, zuwa inda ake tsare waɗanda za a kora.

Ranar Alhamis za a ɗaura auren. Duk wanda aka gayyata, ina roƙonsa ya je, ya tsaya a gaban dangin Manal, ya faɗa musu abin da Sufyan ya daɗe da sani: matar da ya bari a kan dutse ita ta haife shi.