Layi Na Uku, Kujera Ta Tara

"Tashi, kujerata ce," in ji manaja, dattijon surukinsa na tsaye a bayansa.

Na ɗaga tikitina. Layi na uku, kujera ta tara. Ya duba nasa, ya sake dubawa. Duk ɗaya.

Kamfaninsa ne ya rubuta manhajar sayar da tikitin wannan zauren kiɗa. Ina aiki a ƙarƙashinsa, wata shida ina faɗa masa cewa in mutum biyu suka danna kujera ɗaya a lokaci guda, kowa zai ga kujerar babu kowa, kuma kowa zai samu. Na sake rubuta ta yadda ba a goge komai: kowane ciniki ya bi layi, ya haifar da sabon jerin kujeru, tsohon yana nan yadda yake. Ya ƙi karɓa, ya ce iyayi ne kawai, hakan ba zai taɓa faruwa ba.

Ranar da sakatariyarsa za ta saya masa tikiti, na tsaya kusa da teburinta, waya a hannu. Tana dannawa, na danna.

A kan dandamali masu goge arba'in sun shirya. Tare za su fara, kowa da takardarsa, ba mai taɓa ta wani.

"Gobe ki same ni a ofis," manaja ya ce ƙasa-ƙasa.

"Ai ka sallame ni tun Litinin, ranka ya daɗe. Yau mai tikiti ce ni." Na dubi dattijon. "Baba, zauna, taka kujerar ba a sayar wa wani ba."

Kiɗa ya tashi. A zauren nan kaf, manaja kaɗai ne a tsaye.