Inda Jirgi Ke Juyawa

"Duk faɗin sararin Allah, sai a kan gidana za ku juya?" Na buga sandata a teburin malamin makarantar tuƙin jirgi. "Mijina na kwance, ɓarin jikinsa ya shanye. Jirginku na karkatowa zai firgita. Ba ya barci, ba na barci!"

"Yi haƙuri, Iya." Ya kama wani sitiyari a gabansa. "Ɗalibi zai murɗa wannan, fiffike ɗaya ya yi ƙasa, ya taka feda, ya ƙara wuta. Ƙarar ke nan."

"Karatu na zo? Ku je ku karkata a kan gidan ubanku!"

"Ba mu san gidanki ba, alama muke bi. Mukan ce wa ɗalibai da sun hango jan rufi su juya. Har ya shiga taswira. Ko an goge fentin, hanyar ta zauna."

Na nemi kujera na zauna.

Bara, lokacin jefi-jefi suke wucewa, ni na sa aka shafa wa kwanon rufin gidana jan fenti. Don su hango, su san akwai mara lafiya, su kauce.