Munduwar Rumaisa

Tun da aka kafa dokar munduwa, kotun yara ta daina neman shaidu. Ranar suna ake saka wa jariri ita a hannu, duk firgitar da ya yi sai ta adana.

Ni na kai ƙarar Mansir, mijin ƙanwata Walida, bayan ya karya mata hannu. So nake a ba ni riƙon 'yarsu Rumaisa, mai shekara biyar.

Magatakarda ya ɗora hannun yarinyar a kan farantin da ke karanta munduwa. Allon bango ya fito fari fat. Wata goma sha takwas da suka wuce, ko firgita ɗaya babu.

Mansir ya gyara zama. "Ranki ya daɗe, kin gani ko? Gidana lafiya lau."

Mai shari'a ta daɗe tana kallon allon, sannan ta dubi yarinyar. "Rumaisa, in Abba ya fara faɗa, me kike yi?"

"Ba na ji. Da Umma ta ji ƙarar babur ɗinsa, sai ta ba ni maganin tarin nan da take sha kullum, cokali biyu. Sai in yi barci."

Na juya na kalli Walida. Ba ta ɗago ba.

"Yaya, da cokali ɗaya na fara," ta ce. "Ya daina isar ta."