Wasan Ƙarshe da Gerrit

Takobin Mothusi ya sake sauka a hular ƙarfen abokin karawarsa, alƙali ya ba shi nasara. Karon farko ke nan da ya shiga gasar dogon takobi a kulob ɗinsu na Pretoria, ga shi har wasan ƙarshe. 'Yarsa Lesedi sai gaya wa mutane take yi, "Babana ne wancan."

Sai ya haɗu da Gerrit, zakaran kulob. Gerrit ya yi ta jibgarsa har ya durƙusa.

Gerrit ya ɗago shi, ya ce a gaban yarinyar, "Kada ka ji haushi, mutumina. Ni na roƙi sauran su bar maka nasara. Kafaɗata ke ciwo, shi ya sa na zaɓi abokin karawa mai sauƙi."