Kwanar Mushen Kaji

Ranar da likita ya ce masa yana da ciwon suga, Direba bai yi gardama ba. Shekara ashirin da biyu yana zaune a bayan sitiyarin motar 'yan makaranta, tumbi ya fito, gwiwa ta yi tsami. Likita ya ce magani kaɗai ba zai riƙe shi ba, ya nemi abin da zai sa shi gumi. Sai ya sayi tsohon keke, ya sa aka canja masa taya.

Akwai wata siririyar kwalta da aka shimfiɗa a gefen kogi, an kafa turakun ƙarfe a bakinta don kada mota ko babur su shiga. Nan yake bi kullum da sassafe kafin ya tafi aiki. Dama ruwa, hagu gonaki. Ba hon, ba hayaƙi, sai ƙarar sarƙar kekensa da balbelu masu tashi. Cikin wata uku sai da ya ƙara wa bel ɗinsa huda biyu. Matarsa har tsiya take masa, wai ya koma saurayi.

Wuri ɗaya ne ke ɓata masa tafiyar: kwanar da ke bayan gidan kiwon kaji. Duk kazar da ta mutu, ta kan katanga ake wurgo ta nan. Haka kashin kajin, haka kwalaben rigakafi da allurai. Mushe ya kumbura ya fashe, tsutsa na tafasa a ciki, ƙudaje kore shar, ga wani baƙin ruwa mai yauƙi da ke tsiyaya yana lasar gefen kwalta. Masu keke kowa ya iso sai ya ɗauke numfashi, ya kauce, ya tofar da yawu, ya ce, "Mutane ba su da imani." Shi ke nan, an sauke nauyi.

Direba kuwa ya fi kowa sanin mai gidan kajin, don yayan matarsa ne.

Ya taɓa gwada yi masa magana, yana sosa ƙeya. "Yaya, wannan kwana fa ta yi wari. Da an haƙa rami."

Yaya ya yi dariya har da dukan cinya. "Kai Direba, tun da ka sayi keken nan ka zama ɗan duba-gari! Damina na zuwa, kogi zai kwashe. Tun zamanin iyayenmu haka ake yi."

Wai kogi zai kwashe. Ya kai ina? Ba wanda ya taɓa tambaya. A gida matarsa ta ce, "Don Allah Baban yara, kada ka haɗa ni da Yaya a kan mushen kaza. Ka toshe hanci, minti nawa ne?" Ya toshe.

Damina ta zo. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, kogi bai kwashe komai ba, sai dai jujin ne ya narke ya malale kwaltar daga wannan gefe zuwa wancan. Direba ya taho da gudunsa, ya taka birki, tayar baya ta zame. Ya faɗi tsamo-tsamo cikin ƙazantar, har da bakinsa. Ya yi amai a wurin. Da ya miƙe, sai ya ga fasasshiyar kwalba ta huda silifas ɗinsa ta shige tafin ƙafarsa ta dama.

Ya zare ta, ya gangara ya wanke ƙafar da ruwan kogin nan da jujin ke tsiyaya ciki, ya ɗaure da hankici, ya tafi aiki. Bai ji zafi sosai ba, ya ɗauka alamar sauƙi ce. Bai san suga kan kashe jin ƙafa ba.

Bayan kwana tara, matarsa ta shigo ɗaki ta tsaya tana shinshina. "Ɓera ne ya mutu a ƙarƙashin gado?" Ta ɗaga zanin gado, ba ɓera. Ta bi warin har ƙafarsa, ta kwance hankicin, ta saki salati. Yatsu uku sun yi baƙi ƙirin.

A asibiti likita ya duba, ya cire tabarau, ya ce, "Me ya hana ka zuwa tun ranar?" Ƙasan gwiwa aka yanke. Ƙafar totur da birki ce. Kafin a sallame shi, makaranta ta ɗauki wani direban.

'Yan dubiya suka cika ɗaki, kowa da kalma ɗaya a baki: ƙaddara. Yaya ma ya zo, da kiret ɗin ƙwai a hannu da sabuwar shadda a jiki. Ya zauna bakin gado, ya girgiza kai.

"Sannu ƙanina. Amma tsakani da Allah, me dattijo kamarka yake nema a kan keke? Ai ga irinta nan."

Ɗakin ya amsa, "Gaskiya ne."

Direba ya dubi ƙwan, ya dubi inda zanin gado ya kwanta shafal a wurin da ƙafarsa take a da. Ya ce da matarsa, a gaban yayanta, "Fitar min da ƙwan nan. Wari yake min."

Mai karatu, ƙaddara ba ta wurgo mushe ta kan katanga, hannun mutum ne ke yi. Ƙazantar da ka zubar a hanya tana nan tana jiran ƙafar wani, kuma wanda ya gani ya toshe hanci don kunyar ɗan'uwa, da shi aka zubar.