Tafintar Malam

Da matar Malam ta turo mijinta a keken marasa lafiya cikin ɗakin da ke bayan shagon shayi, hirarmu ta tsaya cak. Nan mu masu fassara muke haɗuwa duk ƙarshen wata, mu sha musu kan kalmomi, mu nemo wa juna aiki. Malam ne ya fara tara mu, shi da ya tsufa yana tafinta a kotu. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta ɗaure masa harshe, sai yau muka gan shi.

Wata abokiyar aikinmu ta durƙusa gabansa. "Malam, wata kalma ta gagare mu a manhajar asibiti. Ka raba mana gardama."

Ya motsa leɓe da ƙyar, wani dogon sauti ya fito. Matar ta kai kunne bakinsa, ta ɗago.

"Ya ce dukanku kun kauce, kuma shayin nan har yanzu ruwa ne zalla."

Muka fashe da dariya, wasu na share ido. Maganar Malam ce sak.

Da aka tashi, na taya ta tura keken zuwa bakin titi. Na ce, "Mama, ke kaɗai kike gane shi. Allah ya saka miki."

Ta gyara masa hula, ta rage murya.

"Ɗana, tun ranar da ya faɗi ban gane ko kalma ɗaya ba. Abin da na san zai ce nake faɗa."