Kulocin Fankar Baba Bature

Issoufou ya ajiye akwatin sifana a gaban motar, ya tsaya yana goge hannuwan da ba su taɓa komai ba tukuna. Shekara bakwai ke nan yana kauce wa wannan layi na unguwar Bani Harisa a Madina, yau ga shi ya kawo kansa da ƙafarsa.

Karafan ce, tsohuwar motar Amurka mai gado da wurin girki a ciki. Tana nan inda janwe ta sauke ta, tayoyi sun kwanta, baladiyya, wato hukumar gari, ta manna takarda a gilashi cewa a ɗauke ta cikin mako guda. Shi ya sa Hajiya Zaituna ta aika a kira shi. Wai marigayi mijinta, Baba Bature, bai yarda da hannun kowa a injin nan ba sai na Issoufou. Da ta zage shi ma da ya fi masa sauƙi.

A tsakiyar zafin shekarar 1998 ne Baba Bature ya kawo motar garejin da Issoufou ke aiki a unguwar Azizya. Tsohon direban bas ne, haifaffen Madina, mutum mai tsiyar ajiye-ajiye: ko noti aka cire masa, sai ya jefa a leda ya tafi da abinsa. Zai je Tabuk ganin ƙanensa da ke kwance, inji kuwa yana ɗan ɗaukar zafi a hawa.

Kulocin fanka ne ya fara yoyo. Wani faifan ƙarfe ne tsakanin fanka da inji, da mai mai kauri a cikinsa. In inji ya yi zafi sai ya kama, fanka ta yi ruri, ta jawo iska ta cikin lagireto. Mota mai ɗauke da ɗaki a bayanta babba take so. Issoufou ya zagaye masu kayan gyara, ba babba, sai an kawo daga Jidda nan da kwana goma. Ƙarami dai, na motar gida, ga shi nan, kuma ramukan notinsu ɗaya.

Mai garejin, Zubair, wanda kuma shi ne kafilin Issoufou, mai riƙe da takardun zamansa a ƙasar, ba ya son jin zancen kwana goma. A gaban tsohon ya nuna Issoufou da yatsa: "Motar nan yau za ta fita. Kuma wallahi mota ɗaya ta sake dawowa daga hannunka, huruj, in sa a kore ka daga ƙasar, sai Maraɗi."

Issoufou yana da 'ya'ya huɗu a Maraɗin. Ya ɗaura ƙaramin, ya ɗaure noti, bai gaya wa tsohon cewa ƙarami ya saka ba.

Aka ta da inji, aka bar shi ya yi zafi. Baba Bature ya karkatar da kai yana saurare, ya daɗe a haka. Fanka tana juyawa lafiya lau, sumul, ba ruri, kamar ta ɗakin amarya. Ya dubi Issoufou, ya dubi Zubair, ya ce, "Madalla." Ya jefa tsohon kulocinsa a leda, ya ja motarsa.

Kwana biyu bayan nan aka tsince shi gaba da Haibar, zaune a gindin taya, ba rai, murfin inji a buɗe, lagireto ya ƙafe ƙaf. Mutane suka ce kwana ne ya ƙare. Issoufou ya bi sallar gawa a Harami, ya bi har maƙabartar Baƙi'a, ya zuba ƙasa da hannun da ya ɗaure notin.

Tun daga lokacin ya zama fitinannen bakanike. Ba mota mai fita daga hannunsa sai ya ji fankarta ta yi ruri da kunnensa, ko da mai ita zai makara ɗaurin aure. Ana yabonsa da amana, shi kuwa kowane yabo sai ya tuna masa da tsohon. Ya yi Umara sau uku da sunan tsohon, nauyin bai ragu ba. Ya san abin da ya rage: ya buɗe murfin nan, ya nuna wa matar ƙaramin kulocin, ya ce ni ne. In ta kai shi ƙara, ta kai.

Hajiya Zaituna ta fito tana jan ƙafa, da filas ɗin shayi a hannu ɗaya, kwali a ɗaya.

"Ya waladi, ɗana, ka tsaya a rana? Ta'al, shigo inuwa."

"Hajiya, kafin in taɓa motar nan, akwai maganar da nike so in gaya miki. Ta daɗe tana cina."

"Tayyib, za ka faɗa. Karɓi amanarka tukun, kada in sake mantawa. Ina ta cewa 'yata Raliya ta nemo ka, ka san 'ya'yan yanzu, kai kuma ka ɗauke mana ƙafa."

Ya karɓi kwalin, ya ji nauyinsa, ya buɗe. Ƙaramin kulocin ne, fes, ko ƙurar hanya bai sha ba.

"Ni ban san ko mene ne ba," in ji ta, tana zuba masa shayi. "Da safen da zai tafi ya cire shi, ya mayar da tsohon nasa mai yoyo, wai zai kai shi Tabuk da yardar Allah. Na ce ya koma gareji mana. Ya ce a'a, in motar nan ta koma, Zubair zai kori Issoufou."